Nazarin Lamari: Yadda Wani Ƙauye a Kaduna Ya Rufe Dutsensa ga Masu Yawon Buɗe Ido, Kuma Ya Sake Buɗewa

Wurin da mutanensa

Wurin da wannan nazari ya shafa wani dutse ne da ke bakin tafkin wata madatsar ruwa a Jihar Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba daga cikin gari, kuma an sakaya sunansa da na ƙauyen da ke gindinsa saboda dalilan tsaro. Dutsen dangin waɗanda ake gani jefi-jefi a ƙasar Zazzau ne, irin su Kufena da ke kusa da Zariya da duwatsun Kajuru, wato samansa falalen dutse ne mai sanƙo, gindinsa kuwa manyan duwatsu ne da suka gangaro suka cakuɗe da itatuwan ɗorawa da kaɗanya da maje. Rema da birai da zabin daji suna zaune a cikin kogunansa, a bakin ruwan kuma ana samun belbela da kirinjijiya, sannan shamuwa takan sauka idan damina ta kawo jiki. Wanda ya hau ƙololuwa yana ganin tafkin gaba ɗayansa, har da kwale-kwalen masunta da korayen lambunan fadama.

Mutane iri uku ne suke cin abinci a wannan ɗan tsukin wuri. Manoma suna shuka masara da dawa da waken soya har zuwa inda ƙasa ta ƙare dutse ya fara, da rani kuma su koma lambu. Masunta, waɗanda iyayen yawancinsu suka zo daga wasu garuruwa bayan da ruwa ya taru, suna kama karfasa da tarwaɗa da kurungu a ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Fulani suna da ruga a bayan dutsen, kuma labin shanunsu ya ratsa ta tsakanin gindin dutse da bakin ruwa zuwa mashaya. Mai unguwa ne ke riƙe da ƙauyen a ƙarƙashin dagaci da hakimi, amma tafkin da gaɓarsa mallakar gwamnati ne.

Jihar Kaduna ba ta rasa wuraren shaƙatawa ba. Akwai ginin Kajuru Castle, da magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, da duwatsun Kagoro inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, da gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari wanda ya zama na ƙasa a 1999. Sai dai harin da aka kai Kajuru Castle a watan Afrilun 2019, wanda aka kashe mutum biyu a cikinsa, da kuma halin da hanyar Birnin Gwari ta shiga, sun sa masu sha'awar fita daji suka koma neman wurare na kusa waɗanda ba a san su ba.

Yuli 2020 zuwa Janairu 2021: farkon zuwan baƙi

Bayan da aka sassauta dokar kulle ta korona, wadda ta tsare mutanen Kaduna a gida tun ƙarshen Maris 2020, wasu matasa daga cikin gari, akasarinsu ɗalibai da ƙananan ma'aikata, suka kafa wata ƙungiya ta hawan dutse a WhatsApp. Ɗaya daga cikinsu ya san ƙauyen ta dalilin kawunsa mai sayen kifi, shi ne ya fara kai su. Zuwan farko mota ɗaya ce, kuma sun gai da mai unguwa kafin su hau, ya sa yara biyu suka nuna musu hanya.

Hotunan da suka sa a Instagram da Facebook su ne suka sauya lamarin. Kafin hunturu ya yi nisa, ana zuwa kusan kowace Asabar da bas biyu ko uku, wasu ƙungiyoyin da ba su da alaƙa da ta farko suka riƙa bin sawu, kuma gaisuwar mai unguwa ta faɗi a hanya domin kowa yana ganin ya riga ya san wurin. Baƙin sukan zo da abincinsu da ruwan leda da na'urar kiɗa daga gari, su hau ta gajeriyar hanya wadda ta ratsa gonaki, su sauko su yi wanka a inda ruwan ya fi faɗi da yashi. Wurin nan shi ne inda matan ƙauyen suke wanki da ɗibar ruwa.

Fabrairu 2021: rufe hanya

Ƙorafi ya daɗe yana yawo kafin a ɗauki mataki. Manoma sun yi kukan an tattake musu dawa tun kafin girbi, Fulani sun ce wata karsana ta rame ta mutu, da aka feɗe ta aka tarar da ƙullin leda a tumbinta, magidanta kuma sun fusata da ganin hoton matansu a bakin ruwa cikin wayar wani ɗan ƙauyen da ke aiki a gari. Abin da ya kawo ƙarshen haƙuri shi ne gobara. A wata Asabar ta watan Fabrairu wasu baƙi suka gasa nama a gindin dutse suka tafi ba su kashe garwashin ba, iskar hunturu ta kwashi wutar cikin busasshiyar ciyawa, ta cinye tarin karan dawa da harawar da wani manomi ya ajiye wa dabbobinsa, ta kuma babbake wasu itatuwan kaɗanya da mata ke tsintar 'ya'yansu da damina.

Mai unguwa ya kai magana gaban dagaci, aka yanke cewa kada baƙo ya ƙara hawa dutsen. Samarin ƙauye suka gindaya itace a kan hanyar mota, bas ɗin da ta zo mako na gaba ta juya da fasinjojinta.

Maris zuwa Satumba 2021: abubuwan da aka gwada

Shugabannin ƙungiyar farko sun ɗauka cewa maganar kuɗi ce kawai. Suka biya manomin diyyar harawarsa, suka yi yarjejeniya ta baka da samarin da ke tsaron itacen cewa kowane baƙo zai biya kuɗin shiga, aka janye itacen a watan Afrilu. Tsarin bai yi wata uku ba ya lalace, domin kuɗin yana tsayawa ne a hannun samari kaɗan, alhali masu gonar da ake tattakewa da masu shanu da matan bakin ruwa ba su ga ko sisi ba. Baƙi kuma, tun da sun biya, sai suka ɗauka sun sayi izinin yin abin da suka ga dama. Da sabuwar shuka ta fito aka sake bi ta kanta, dattawa suka tsare samarin da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, su da suka karɓi kuɗi su ne za su biya ɓarnar. Samarin ba su da abin biya, rigimar ta koma cikin gida tsakanin 'ya'ya da iyayensu.

Gwaji na biyu alluna ne. An kafa su a bakin hanya da bakin ruwa, an rubuta dokoki da Turanci da Hausa: ban da zubar da shara, ban da kunna wuta, ban da ɗaukar hoton mutane. Babu wanda aka ɗora wa alhakin tsawatarwa, kuma kafin damina ta raba tsakiya gara ta cinye ƙafafun wasu, ƙarfen wasu kuma ya ɓace.

Gwaji na uku ya fi tsada, kuma ya fi barin tabo. Ganin yadda labarin satar mutane ya yawaita a jihar a wannan shekara, ƙungiyar ta fara ɗauko masu rakiya ɗauke da makamai daga gari. Baƙi sun ji daɗin haka, amma mutanen ƙauyen sun karanta abin ta wata fuska: an shigo musu da bindiga gida ba tare da an tambaye su ba, kuma jerin motoci da masu kaki yana sanar da duk wanda ke daji cewa ga masu kuɗi sun zo. Ardo ya aiko wa mai unguwa cewa idan wani abu ya faru, rugarsa ce za a fara zargi, saboda haka shi ba ya cikin wannan sha'ani.

A watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa a Kaduna, wata baƙuwa ta zame a kan falalen dutse ta karye a ƙafa. Dutsen da ke riƙe takalmi da rani yakan yi gansakuka da damina a duk inda ruwa ke tsatsafowa, kuma saukowa ta fi hawa haɗari. Masu rakiyar ba su san wata hanya ba sai wadda aka hau ta ita. Mafarauta biyu na ƙauyen ne suka sauko da ita a kan makarar da suka ɗaure da gora da igiya, ta wani kwari a gefen yamma da babu wanda ya san da shi cikin baƙin, kuma ba su karɓi ko kwabo ba.

Oktoba 2021 zuwa Oktoba 2022: shekarar da ba a hau ba

A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan waya a wasu sassa, ta hana zirga-zirgar babura, ta kuma dakatar da wasu kasuwannin mako-mako, duk don yaƙi da 'yan bindiga. An maido da layukan a ƙarshen Nuwamba, amma kafin mutane su saki jiki sai aka kai harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. Fita daji don nishaɗi ta tsaya cak, sauran ƙungiyoyin suka watse.

Abu ɗaya ne bai yanke ba. Matashin da ya fara kai su ya ci gaba da zuwa sayen kifi wa kawunsa, yana kwana a gidan Sarkin Ruwa, wanda yake kira Baba, shi kuma yana ce masa ɗana. A hirar dare ne ya fara jin abubuwan da ba a taɓa faɗa wa ƙungiyar ba, domin ba ta taɓa tambaya ba: cewa akwai tsohuwar maƙabarta a gefen gajeriyar hanyar da ake bi, cewa lokacin da baƙi ke saukowa wanka shi ne daidai lokacin da shanu ke gangarowa mashaya, cewa masu iyo sun sha yaga tarun da aka kafa tun dare, kuma masunta sun yi shiru ne saboda ba su san wanda za su kama ba.

Nuwamba 2022 zuwa Maris 2023: zaman sulhu da sabon tsari

Bayan girbi, ƙungiyar ta roƙi mai unguwa ya kira zama a ƙofar gidansa, kuma wannan karon aka gayyaci Sarkin Ruwa da ardo da sarkin baka da liman da wata dattijuwa da ke magana da yawun mata. Shugaban ƙungiyar ya cire takalmi ya durƙusa, ya ce, ranka ya daɗe, ba izinin hawa muka zo nema ba tukuna, mun zo ne a faɗa mana inda muka yi ɓarna. An yi zama uku kafin a kai ga batun kuɗi.

Magana ta farko da aka warware ita ce ta hanya. Aka bar gajeriyar da ta ratsa gonaki da maƙabarta, aka koma kwarin yamma da mafarauta suka bi da mai karaya. Ya fi tsawo, yana cin kusan awa ɗaya da rabi maimakon minti arba'in, amma yana da inuwa, ba ya taɓa gonar kowa, kuma gangararsa ba ta da tsauri. Sarkin baka ya ba da mutanensa su zama 'yan jagora, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma aka sallami masu rakiya daga gari. Mafarautan sun kawo ilimin da allo ba zai iya bayarwa ba. Sun san ramukan da kasa ke kwanciya da tsagar da gamsheƙa ke shiga, suna hana sa hannu a ƙarƙashin dutse, suna kuma dagewa a kan takalmi mai rufi da dogon wando. Ƙungiyar ta ƙara nata: idan maciji ya sari mutum ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya, sai a hana shi motsi a garzaya asibitin da aka riga aka tabbatar yana da allurar dafi.

Ta biyu ita ce lokaci. Aka taƙaita hawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kwashe amfanin gona kuma dutse ya bushe. A Maris da Afrilu, da zafin bazara ke sa falalen dutse ya yi ƙuna tun da hantsi, ana hawa ne kawai idan za a fara da ƙarfe shida na safe a sauko kafin goma. Daga Mayu zuwa Oktoba ba a hawa ko kaɗan, saboda santsi da kuma tsawa, wadda ta fi samun wanda ke tsaye a kan tudu babu abin da ya fi shi tsawo. Ba a wuce mutum ashirin a rana, ba a zuwa ranar Juma'a, kowa yana ɗaukar ruwan sha lita biyu a gora, ba a leda ba, kuma ba a sa hoto a intanet sai an koma gida, ba a kuma ambatar sunan ƙauyen.

Ta uku ita ce ruwa. Aka haramta wanka a wurin mata da mashayar shanu. A madadinsa masunta suka karɓi aikin zagayawa da baƙi cikin kwale-kwale, mutum huɗu a kowanne, da rigunan hana nitsewa da ƙungiyar ta saya ta ajiye a gidan Sarkin Ruwa, shi ne kuma mai ikon cewa yau ba a shiga idan iska ta tashi. Abinci ya koma hannun matan ƙauyen, waina da kunu da safe, tuwo da miyar kifi da rana, matan ruga kuma su kawo fura da nono. Da haka maganar kunna wuta ta mutu da kanta, shara ma ta ragu tun da babu abin da ake shigowa da shi a leda.

Kuɗin shiga aka kasa uku: kashi ɗaya na 'yan jagora, ɗaya na asusun ƙauye, ɗaya kuma a ajiye don biyan diyya idan an yi ɓarna. Wani malamin firamare ne ke rubutawa a littafi, liman yana sa hannu. Tsarin ya gamu da jarrabawa tun a watanninsa na farko, domin ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi a farkon 2023 ya sa baƙi suna zuwa babu tsaba a hannu, 'yan jagora da mata masu abinci kuma ba su da asusun banki. Makonni aka yi ana bin ƙungiyar bashi, kuma littafin malamin ne ya hana zargi ya shiga tsakani, har aka biya kowa bayan da kuɗi suka wadata.

Afrilu 2023 zuwa ƙarshen shekara: matsaloli biyu da ba a hango ba

Wasu daga cikin baƙin, waɗanda suka riƙa dira daga kwale-kwale suna iyo a wani lungu mai ciyawa nesa da wurin mata, sun fara ganin jini a fitsari bayan 'yan watanni. Gwajin asibiti ya nuna tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke son ruwa mai kwanciya da ciyayi, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka ko mai wanki, saboda haka ba sai an sha ruwan ba ake kamuwa. An ba su maganin praziquantel sun warke, aka kuma hana iyo a tafkin baki ɗaya. Da aka yi zancen a ƙauye sai ta bayyana cewa yara maza da yawa sun daɗe da wannan larura, ana ɗaukarta abin da aka saba. Kuɗin farko da aka cire daga asusun ƙauye ya tafi ne wajen kai yaran gwaji da gyara wata rijiyar burtsatse da ta daɗe da lalacewa.

Ta biyun ita ce cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Da aka buɗe hawa a Nuwamba kuɗin hayar bas ya ninka, ɗalibai da yawa suka janye. Ƙungiyar ta so a ɗage ƙa'idar mutum ashirin domin a rage wa kowa nauyin mota, amma mai unguwa da sarkin baka suka ƙi, aka koma zuwa sau biyu a wata maimakon kowane mako.

Inda lamarin ya tsaya

Tun daga hunturun 2022 ba a sake samun gobara ko ƙarar tattake gona ba, kuma asusun diyya sau ɗaya aka taɓa shi, don ɗinke wani taru da kwale-kwalen baƙi ya yaga. Yawan masu zuwa bai kai na ƙarshen 2020 ba, ko kusa. Akwai lokutan da ardo ko mafarauta suka aiko cewa kada a zo wannan makon saboda sun ga baƙin fuskoki a daji, aka fasa ba tare da gardama ba.

Hukunci

Gwaje-gwajen 2021 sun faɗi ne a kan dalili guda, ko da yake kowanne ya ɗauki kama daban: duk an tsara su ne a gari aka kawo ƙauye. Kuɗin shiga ya je hannun wanda ke tsaye a bakin hanya, ba hannun wanda ake yi wa ɓarna ba. Allo ya faɗi doka babu mai zartarwa. Masu rakiya sun ba baƙi natsuwa amma sun raba su da mutanen da kaɗai suka san abin da ke motsi a dajin. Tsarin 2022 ya tsaya ne saboda kowane aiki an miƙa shi ga wanda dama yake da iko a kansa, ruwa ga Sarkin Ruwa, daji ga sarkin baka, labi ga ardo, kuma kowannensu yana da abin da zai rasa idan baƙi suka daina zuwa. A ganina mafi ƙarfin sharuɗɗan shi ne na taƙaita lokaci da yawan mutane, domin shi ne ya hana sauran su sake rushewa lokacin da tsadar mai ta matsa.

Bai kamata kuma a ba tsarin yabon da ba nasa ba. Shekarar da ba a hau ba ta huce zukata, ta kuma kori ƙungiyoyin da ba su da mai tsawata musu, kuma da ba don hakan ba da wuya a samu zaman sulhu da mutum ɗaya zai yi magana da yawun baƙi duka. Tsargiya tana nan a tafkin, kuma hana baƙi iyo bai kare matan da ke wanki a ciki kullum ba. Yarjejeniyar kanta ta baka ce, ta rataya ne a kan mai unguwa da Sarkin Ruwa, waɗanda dukansu sun manyanta, kuma hukumar da ke da mallakar tafkin ba ta cikinta. Ƙungiyar ta rubuta takardar neman a sa hannu a kan tsarin a gaban hakimi, a kuma sanar da hukumar a hukumance, amma dattawan ƙauyen sun nemi a jinkirta, saboda fargabar cewa da zarar an shigo da ofis za a kafa ƙofa da mai yankan tikiti, rabon da suka tsara kuma ya fita daga hannunsu. Takardar tana wurin malamin firamaren, ba a kai ta ba tukuna.